Tabon da Kawu ya zo da shi daga Abijan

Gidan Sori garin ƴan ci-rani ne tun ina yaro. Da an ɗaure hatsi an zuba a rumbu, an cire gujiya, sai samari su fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Mafi yawansu Najeriya suke faɗawa tunda iyaka ba nisa: Sakkwato, Kano, wasu har Ikko, su dawo da faɗuwar ruwan farko. Masu dogon buri su ne ke kaiwa Abijan, kuma su sai a yi shekaru ba a ga ƙeyarsu ba. Kawuna, autan su Inna, yana cikin waɗannan. Na san shi ta kayan da yake aikowa kafin in san fuskarsa sosai: turmin atamfa, rediyo mai kaset, da wani takalmin roba da ya fi ƙarfin ƙafata.

A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Kayan shago suka yi tsada a dare ɗaya, mutane da yawa suka tattaro suka dawo daga bakin teku, don haka da Kawu ya sauka a mota cikin bazarar shekarar babu wanda ya yi mamaki. An ce kasuwa ce ta juya masa baya. Sai da ya tuɓe takalmi zai yi alwala aka ga ƙafarsa ta hagu. Daga idon sawu zuwa ƙwauri wasu tabo ne baƙaƙe, sun fi sauran fatarsa duhu, wasu a shafe, wasu sun ɗago sun yi tauri. Ba sa ƙaiƙayi, ba sa zafi. Shi ya sa ya yi watanni yana rufe su da safa yana harkarsa.

Kowa ya kawo nasa fahimi. Kakarmu ta ce ya taka abin da aka binne wa wani. Wani maƙwabci da ya ga ƙafar ta fara kumbura ya ce tundurmi ne. Aka kira wanzami ya yi tsaga ya kafa ƙaho, jini ya yi ta zuba ya ƙi tsayawa, har wanzamin da kansa ya ce shi bai taɓa ganin ƙurji mai jini haka ba. An sha rubutu, an yi turare, an je wurin masu bori a wajen Tsibiri. Abin da Inna ta fi tsoro shi ne kuturta, saboda haka Baba ya ɗauke shi zuwa Danja, asibitin kutare da ke kudu da Maraɗi. A can suka sa shi ya rufe ido, suka riƙa shafa auduga a kan tabon suna tambayarsa inda ya ji. Ya ji ko'ina. Tabon kuturta kuwa mutuwa yake yi, ba ya jin taɓi. Suka ce ba ita ba ce, suka tura su wurin wani likita a cikin Maraɗi.

Likitan ya buɗe bakin Kawu ya haska, ya ga irin tabon a dasashi da ganɗa. Ya ɗibi jini, ya ja Baba gefe ya yi masa magana, ya rubuta takarda. Ni ne ɗan lakwal na gidan, don haka da suka dawo Inna ta miƙo mini ita.

"Karanta mini. Mi ta ce?"

Na karanta abin da na iya. Akwai sunan Kaposi, wanda ban taɓa ji ba, akwai kuma haruffa huɗu da kowa ya sani daga rediyo. Tun 1987 aka ba da sanarwar samun mutum na farko mai Sida a Nijar, kuma Muryar Sahel ba ta gajiya da gargaɗi. Samari a bakin kasuwa suna ce mata kabari kusa, suna dariya. Na faɗa wa Inna na farkon, na yi shiru a kan na biyun. Ta dube ni, ta karɓi takardarta ta ƙulle a bakin zane. Baba ya riga ya faɗa mata.

Abin da ya biyo baya shi ne na fi tunawa. An ware wa Kawu ƙwarya da moɗa. Abokan da suka sha shayinsa a makon da ya sauka suka koma gaishe shi daga bakin zaure. Babu wanda ya furta sunan cutar a gabansa, amma tabon ya hau hannu, ya fito a gefen hanci, kuma abin da ke fuska ba ya ɓoyuwa. Inna ce kaɗai ba ta canza ba. Ita ke wanke masa ƙafar da ruwan ɗumi, ƙafar da ta yi nauyi har ba ya iya ɗaga ta sai da hannu biyu. In ya ce mata, "Yaya, ki bari, kin gaji," sai ta ce, "Auta, wa na goya in ba kai ba?" Daga baya tari ya kama shi, numfashi ya yi wuya. Ya rasu kafin girbin 1995. Allah ya jiƙansa.

A watan Disambar 1994, lokacin da Kawu ke kwance a ɗakin Inna, wata mata da mijinta a Jami'ar Kolumbiya da ke birnin New York, Yuan Chang da Patrick Moore, suka wallafa cewa sun gano wata sabuwar ƙwayar bairos a cikin irin wannan tabo. Sun gwama ƙwayoyin gado na tabon da na lafiyayyar fatar mutum guda, suka tsince abin da ke cikin tabon wanda babu shi a fatar. Abin da ya rage ba na ɗan Adam ba ne. Ita ce ake kira HHV-8, ta takwas a dangin bairos ɗin hapis masu kama mutum.

Cutar kanta, sankarar Kaposi, ta daɗe da shiga littafi. A 1872 wani likitan fata ɗan Hungari mai aiki a Biyana, Moritz Kaposi, ya bayyana ta a jikin maza biyar. An daɗe ana ɗaukarta ciwon tsofaffin maza na Italiya da Girka da Yahudawan gabashin Turai, mai tafiyar hawainiya, wanda sau da yawa tsufa ke riga shi kashe mutum. Daga shekarun 1950 likitoci a Yuganda da Kongo suka lura tana da yawa a can, har da wani nau'i mai tsanani da ke kama yara. Sai 1981, aka fara ganinta a jikin samari a New York da Kalifoniya, kuma tana cikin alamun farko da suka sa duniya ta gane wata sabuwar annoba ta shigo. Tun daga nan sunanta ya manne da na Sida, har mutane suka manta ta girme ta da fiye da shekara ɗari.

Ni sai da na shiga makarantar koyon aikin jinya ta Damagaram na sake haɗuwa da sunan. Hotunan littafinmu duk na farar fata ne, tabon ya fito ja ko shunayya. A fatarmu baƙi ne ko ruwan ƙasa mai duhu, kuma wanda ya haddace hoton littafi zai iya wuce shi bai gane ba. Na gane shi nan take don na taɓa ganinsa a gida. Yadda bairos ɗin ke aiki kuwa, a hankali na tsinto shi, wajen tarukan ƙara wa juna sani da karatun dare.

Ga yadda abin yake. Jikin mutum ƙananan ƙwayoyin halitta ne, kowace da kundin gadonta, wato DNA, mai haruffa wajen biliyan 3. Kundin HHV-8 haruffa kimanin 165,000 ne, da umarnin ƙera furotin fiye da 80. In ta shiga ƙwayar halitta, musamman waɗanda ke shimfiɗe a cikin jijiyoyin jini da magudanan ruwan jiki, ba ta narkewa cikin kundin mutum. Naɗewa take yi ta zama zobe, ta ƙera wani furotin mai suna LANA wanda ke ɗaure zoben a jikin kundin mai gida. Duk lokacin da ƙwayar halittar ta rabu biyu, kowace ɗiya ta tafi da nata zoben. A haka take zama shekara da shekaru ba ta motsi.

LANA ba ɗauri kaɗai yake yi ba. A cikin kowace ƙwayar halitta akwai furotin biyu masu hana sankara. Ɗaya, p53, shi ke umartar ƙwayar da ta lalace ta kashe kanta. Ɗayan, Rb, shi ke hana ta rabuwa sai lokaci ya yi. LANA yana kama su duka biyun ya raunana su. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne bairos ɗin tana ɗauke da kwafin wasu umarnai da ta kwaso daga kundin dabbobin da ta zauna a jikinsu tun zamanin da. Tana da nata furotin mai tura ƙwayar halitta ta rabu, tana da mai toshe hanyar mutuwa, tana da mai kiran kumburi. A cikin ƴan ƙwayoyin da ta farka, tana sa su fitar da sinadarin da ke kiran sababbin jijiyoyin jini su tsiro. Jijiyoyin da ke tsirowa a gaggauce karkatattu ne, masu yoyo. Jini na tsiyaya cikin nama, jajayen ƙwayoyinsa su mutu su bar ƙarfensu a wurin, shi ne duhun tabon. Shi ne kuma dalilin da ƙahon wanzami ya jawo jinin da ya ƙi tsayawa. In magudanan ruwa suka toshe, ƙafa ta kumbura ta yi tauri, a ce tundurmi.

To, me ya sa ba kowa ke kamuwa ba? Manomin Gobir ya san ƙuduji. Irinsa na kwance a ƙasa shekaru, gona mai taki ta yi hatsinta ba a ko lura da shi, amma ranar da ƙasa ta gaji sai ka ga jan fure ya rufe gonar, gero ya tsugune. HHV-8 na jikin mutane masu yawa a Afirka. A wasu yankunan Yuganda fiye da rabin manya na ɗauke da ita. Ta miyau ta fi yaɗuwa, kuma a nahiyarmu da yawa tun suna yara suke samunta, a cikin gida, wurin waɗanda suka fi son su. Muddin sojojin jiki na da ƙarfi, suna kashe duk ƙwayar halittar da bairos ɗin ta farka a cikinta. Sida na cinye wani rukuni na waɗannan sojoji, masu suna CD4. Tsufa na rage su. Magungunan da ake ba wanda aka yi wa dashen ƙoda su ma suna danne su, kuma su ma ana ganin Kaposi a jikinsu. Mai yiwuwa ne ƙwarai wasu daga cikin masu gaishe da Kawu daga bakin zaure suna ɗauke da bairos ɗin da ta yi masa tabon. Sida kuwa, wadda ita suke gudu, ba a ɗaukarta a moɗa.

Wanda ya tabbatar mini da wannan a aikace wani dattijo ne da aka kawo a amalanke lokacin ina sabon majo a wata ƙaramar likita ta karkara. Ya haura saba'in, tabo a tafin ƙafa da yatsu, shekara da shekaru. Ƴaƴansa sun shigo kansu a sunkuye, don wani ya riga ya raɗa musu abin da tabon ke nufi. Na yi gwajin jini, babu Sida. Aka sake a Maraɗi, babu. Na ce masa, "Baba, ciwon nan naka na tsufa ne, ba abin da ake faɗa ba ne." Ya ce, "Ɗana, ni na sani. Su za ka gaya wa." Na fita na gaya musu a gaban wanda ya rako su, da ƙarfi, don labarin ya riga su isa gari.

Magungunan rage kaifin Sida, waɗanda ake haɗa uku a sha tare, sun fara aiki a Turai da Amurka tun 1996, kuma Kaposi ta ja baya a can cikin ƴan shekaru. Mu sai wajen 2004 suka fara isowa hannun talaka a Nijar, kyauta, da farko a Yamai, sannan manyan garuruwan jihohi. Shekara takwas ke nan tsakani, kuma duk wanda ya yi aikin jinya a lokacin yana da fuskokin da yake tunawa. Nijar ba ta cikin ƙasashen da annobar ta fi yi wa ɓarna: binciken ƙasa na 2006 ya nuna kashi 0.7 cikin ɗari na manya, na 2012 ya nuna 0.4. Amma ƙarancin ya zo da nasa sharrin. Inda masu ciwo ba su da yawa, kowane ɗaya a fili yake, kuma kunya ta fi nauyi.

Na farko da na ga tabonsa ya baje wani direban babbar mota ne daga wajen Gidan Rumji. Ba a ba shi komai na sankara ba, ƙwayoyin Sida kawai. A watannin farko abin ya ma ƙara muni, tabon ya kumbura, sababbi suka fito, har matarsa ta zo ta ce maganin ne ke kashe shi. Hakan na faruwa: sojojin jiki in suka farfaɗo sukan auka wa bairos ɗin da fushi, wurin ya yi kumburi kafin ya lafa, kuma in tabon na cikin huhu wannan lokaci na da hatsari sosai. Nasa a fata ne kawai. Muka roƙe shi ya daure. Kafin shekara ta zagayo ƙullutun sun kwanta, sai inuwarsu. Maganin bai taɓa HHV-8 ba, tana nan a jikinsa har gobe. Masu tsaro aka mayar bakin aiki.

A nan zan yi ƙorafi kan masu tallar magani a faranti da bayan keke. Akwai ƙwayar da suke sayarwa, dekisametazon da danginta, wadda mata ke sha don ƙiba, maza don ciwon gaɓoɓi. Tana kwantar da kumburi, mai sha ya ji daɗi kwana biyu. Amma aikinta danne garkuwar jiki ne, kuma tana tayar da wannan bairos. Ga mai Kaposi guba ce. Na ga wata baiwar Allah da ta rame, ta sayi ƙwayar don kada kishiya ta yi mata dariya, tabo kaɗan da take da shi ya watsu ya kai baki. Duk mai tabo da ya zo wurina, kafin in tambaye shi komai sai na ce ya zazzage aljihunsa in ga abin da yake sha.

In ciwon ya yi nisa, ya shiga baki ko huhu ko hanji, ko ƙafa ta kumbura, ƙwayoyin Sida kaɗai ba sa isa, sai an haɗa da allurar sankara. Abin da aka daɗe ana samu a asibitocin Afirka shi ne bileyomisin da binkiristin, don sun fi araha. Na farkon na iya taɓa huhu, na biyun na sa yatsu su yi sanyi su mutu. Binkiristin daga wani ɗan fure na Madagaska ake samo shi, wanda ake shukawa don ado a ƙofar ofisoshi. A 2020 mujallar Lancet ta buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Kenya, Malawi, Yuganda, Zimbabuwe, Afirka ta Kudu da Barazil, aka gwada waɗannan biyun da wani magani mai suna pakilitakisel, wanda asalinsa daga ɓawon wani itace na arewacin Amurka ne. Bayan mako 48, kashi 64 cikin ɗari na masu pakilitakisel ciwonsu bai ci gaba ba, a ɗaya ɓangaren kashi 44. Bambancin ya kai har aka dakatar da ba da tsohon haɗin a cikin gwajin kafin lokaci. Ana ɗura shi ta jijiya duk mako uku, gashi ya zube, kuma sai an riƙa duba jini. A shekarar ce Amurka ta amince da wata ƙwayar sha, pomalidomid, don wannan ciwo. Kuɗinta ya fi ƙarfin duk wanda na taɓa yi wa jinya. Ƙididdigar duniya ta 2020 ta ce kimanin mutum 34,000 suka kamu da Kaposi a shekarar, wajen 15,000 suka mutu, kuma mafi yawansu a Afirka kudu da Sahara.

Chang da Moore ba su tsaya nan ba. A 2008, bayan sun koma Jami'ar Pittsburgh, suka sake gano wata bairos a cikin wata sankarar fata da ba a cika gani ba, wadda ake kira ta Merkel, mai fitowa kamar ƙullutu ja a fuska ko wuya ko hannun tsofaffi, galibi farare, mai saurin yaɗuwa. Wannan bairos ƙarama ce, haruffa wajen 5,400, kuma tana zaune a fatar mafi yawan mutane ba ta cutar da kowa. Sai an yi rashin sa'a biyu a jere: kundinta ya tsinke ya liƙe cikin kundin mutum, sannan babban furotin ɗinta ya gutsure ta yadda ba ta iya hayayyafa, amma guntun da ya rage yana nan riƙe da Rb. Ƙwayar halittar sai ta yi ta rabuwa ba birki. Kimanin takwas cikin goma na wannan sankara a Amurka da Turai haka suke. Sauran, waɗanda suka fi yawa a Ostareliya, zafin rana ne ya lalata musu kundi. Maganin da ya canza labarinta, abelumab, wanda aka amince da shi a 2017, kwance takunkumin da sankarar ke sa wa sojojin jiki yake yi, su gane ta su far mata. Da na karanta wannan sai na ga dabarar da ta tashi direban nan ce, ta wata hanya mai tsada. Ban taɓa ganin mai ciwon Merkel ba a aikina. Sankarar fatar da rana ke jawowa a wurinmu zabiya take kamawa, kuma ita wani nau'i ne dabam, wanda malafa da riga mai dogon hannu ke rage shi.

Har yanzu abin da ya fi ba ni wahala shi ne yankan nama. Ido na iya ruɗuwa, akwai wasu ciwukan fata masu kama da Kaposi, kuma ba a ɗura wa mutum allurar sankara a kan zato. Tabbaci sai an gutsiri ɗan naman tabon, an sa a ruwan magani, an aika inda za a rina shi a nemi LANA a ƙarƙashin madubi. Mutanenmu kuwa sun yi imani daji ba ya son ƙarfe, in an taɓa shi da allura ko aska sai ya haukace. Nakan zauna da babban gida in yi bayani, wani lokaci a yarda, wani lokaci a ce za a je a yi shawara, kuma na san ma'anar wannan. In an yarda, samfurin na tafiya Yamai, fiye da kilomita 600 daga Maraɗi, a jira sakamako makonni. Cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa tana can, kuma a 2021 ta fara gashi da na'ura, karo na farko a Nijar. Wanda zai tashi daga Gidan Sori zuwa can sai ya sayar da akuya ko ya jinginar da gona, ya nemi ɗan rakiya, ya nemi masauki, kuma in allurar ta faɗo cikin damina sai ya zaɓa tsakanin zagaye na uku da noman farko. Gwajin Sida da ƙwayoyinta dai yanzu ana samunsu kyauta a kusa, ba sai an je Yamai ba, don haka da su nake farawa a ranar da mutum ya zo.